Adafta ba ta rage wuta

Ɗana, ka ce Alhajin nan na Aboabo ya sauko da mota daga Amurka ta tashar Tema, irin mai ɗakin kwana da kicin da esi a ciki, fuloginta ya ƙi shiga soket ɗinmu, kana so in bar ka ka haɗa masa adafta. Ban yarda ba. Ajiye filaya ka saurare ni.

Adafta baki kawai take sauyawa. Wutar da ta shiga cikinta ita ce ke fita, ba ragi. Mu nan Kumasi bolt 230 kamfanin wuta na ECG ke ba mu, ita kuwa motar a kan bolt 120 aka gina ta. Fulogin nan mai ƙafa uku da ka gani, TT-30 ake ce masa, amf 30 yake ɗauka, wato wat 3,600. Ka jona shi kai tsaye da wutarmu, kafin ka ɗaga kai cajar batir da firiji da allon esi sun ƙone. Kada ka sa rai bireka za ta cece ka, domin yawan amf take lura da shi, ba ruwanta da bolt. Ko a can Amurka masu sana'a na yin wannan ɓarna, saboda soket ɗin ya yi kama da na injin busar da tufafi, sai su ba shi 240.

Wata rana za a kawo maka mai ƙafa huɗu, na amf 50, ka ga an rubuta 240 a jiki, ka ce ai wannan namu ne. Ba namu ba ne. Su wayoyin wuta biyu gare su, kowace 120, da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a tsakiya. Mu waya ɗaya ce ke ɗauke da 230 ɗin gaba ɗaya.

Abin da motar ke bukata taransifoma ce mai saukar da wuta, kamar mai kVA 5, kuma mai naɗin waya biyu a rabe. Ƙananan nan masu naɗi ɗaya, in aka juya waya wajen shiga, nutural ɗin fita sai ya ɗauki wuta. A ja mata layinta daga allon rabon wuta na gida. Soket ɗin bango amf 13 yake ɗauka, iyakarsa wajen wat 3,000, in ka matsa masa bakin zai yi baƙi ya narke. Daga taransifoma zuwa mota ka sa waya mai milimita 6, kada ka bar ta a naɗe tana aiki, zafi take tarawa.

Akwai abin da taransifoma ba ta gyarawa, kuma dole a faɗa wa Alhaji tun kafin ya kashe kuɗinsa: wutarsu sau 60 take juyawa a daƙiƙa, tamu sau 50. Kwamfuresar esi za ta yi nauyin gudu, ta riƙa zafi. Ni a ganina gara ya cire ta ya sa irin ta kasuwarmu a kan layi daban.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wayar ƙasa. Mota a kan taya take, jikinta ƙarfe. In wuta ta tsiyaya ta taɓa jikin, babu wayar ƙasa, ba ta da hanyar sauka, sai ta tsaya tana jira. Fitilu na ci, firiji na sanyi, ba wata alama. Sai yaro ya fito ba takalmi bayan ruwan sama, ya kama hannun ƙofa. Ka san gidajen Zango, tsakar gida ba ta rabuwa da yara da ruwan wanki. Adaftocin arha da ake zubawa a kasuwar Kejetia, ka buɗe wasu ka gani, ƙafar ƙasan ba a haɗa ta da komai ba. Saboda haka za mu kafa sandar ƙasa mai kyau, mu ɗaure nutural ɗin fita da wayar ƙasa a wajen taransifoma, tunda a cikin motar ba a haɗa su, sannan mu sa na'urar yanke wuta mai miliamf 30 bayan taransifoma, wadda ke aiki a kan 120. Ta cikin gida ba za ta ga yoyon da ke wancan ɓangaren ba. In an gama, ka ɗora mita tsakanin ƙarfen mota da sandar. In wani ya ce motar na ɗan jansa, ko yaya, a kashe nan take.

Ka kula da launi. A wajensu baƙar waya ita ce mai wuta, fara nutural, kore ƙasa. A tsofaffin gidajenmu baƙa ita ce nutural. Kada ka yarda da ido, gwada kowace. Kuma a kashe bireka kafin a cusa fulogi ko a zare shi.

Dokar wayarin ta 2011, mai lamba L.I. 2008, ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne ke ja wa gida layi, kai kuwa ba ka samu naka ba tukuna. Kira Alhaji ka ce kada ya jona komai, gobe bayan Azahar za mu je tare. Ka ɗauko mita da tasta.