Da wane mudu za a auna kulawar da tsofaffi ke samu a gidajen jinya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar walwalar jama'a ce a Gusau. An sa ni cikin waɗanda za su zagaya wuraren da ake ajiye tsofaffi da gajiyayyu a jiharmu, mu kawo rahoto. Da dama daga cikinsu rikicin 'yan bindiga ne ya raba su da ƙauyukansu da 'ya'yansu. Takardar da aka ba mu ba ta wuce yawan gadaje da ɗakuna da ko akwai rijiyar burtsatse ba. Ta yaya zan gane inda ake kula da su tsakani da Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi wannan tambayar kafin ki fita. Na daɗe ina jinyar tsofaffi, kuma zan faɗa miki abin da ni kaina nake dubawa.

Takardarki ba ta yi ƙarya ba, ta dai tsaya a bakin ƙofa. Tun 1966 wani likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa ingancin jinya gida uku: abin da wurin ya mallaka, yadda ake gudanar da aikin, da abin da ya samu majinyacin a ƙarshe. Gadaje da burtsatse na kashin farko ne, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa idan an ji baƙi na tafe. Na ukun ba ya ɓoyuwa, don yana jikin tsohon.

Na taɓa shiga wani gida, fenti sabo, zannuwan gado a goge, har turaren wuta aka sa. Wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki tana kwance an lulluɓe ta tsaf. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ki yi haƙuri mu juya ki in duba bayanki." Da muka juya ta, sai ga gyambo a ƙasan ƙugunta ya kai faɗin tafin hannuna, zanen ya manne a ciki. Ba ta yi kuka ba, ta dai damƙe hannuna. Tun daga ranar, fata nake fara dubawa.

Gyambon kwanciya yana fitowa ne inda ƙashi ya danne fata a kan katifa har jini ya daina kaiwa: ƙasan ƙugu, kwatangwalo, diddige, kafaɗa, ƙeya. Wanda ba ya iya motsa kansa, ana so a juya shi kusan duk bayan awa 2, dare da rana, a kuma sauya masa shimfiɗa da zarar ta jiƙe. Littattafan jinya na Turai suna cewa a nemi ja a fata, amma a fatarmu jan ba ya cika nunawa. Ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ki sa bayan hannu ki ji ko ya fi ɗumi ko tauri. Ki ƙirga mutum nawa ne ba sa tashi, nawa ne a cikinsu ke da gyambo. Sannan ki tambaya, da shi ya zo ko a nan ya same shi? Wannan tambayar ce za ta hana ki zaluntar gidan da ke karɓar waɗanda kowa ya guje su.

Sai nauyi. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai rahoton da zai kwatanta gida da gida mudun yake buƙata. Ki tafi da sikeli. Tsohon da ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata 6, yana cikin haɗari. Mai kilo 50 da ya koma 47 da rabi a wata guda ke nan. Wanda ba ya iya tsayuwa, ki auna kaurin sha-raɓarsa da awon tela. Ƙasa da santimita 31 alamar rama ce. Kada ki tsaya ga jin cewa ana dafa abinci sau uku. Ki zauna lokacin cin. Tsohon da ba shi da haƙora ko hannunsa ke rawa, in aka dire masa tuwo aka juya, kwanon ne zai koma kamar yadda ya zo. Ki duba ko akwai mai zama ta ba shi kunu ko fate a baki, ta ɗaga masa kai kada ya ƙware.

Ruwa kuwa, kin san zafin Gusau a watan Maris da Afrilu, yakan haura digiri 40, ga tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro. Ki kalli harshe, ki tambayi kalar fitsari, ki ga ko kofin yana inda hannunsa zai kai.

Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya, hannu nawa ne ke aikin. Kada ki karɓi jerin sunayen da ke ofis. Ki tambayi mutum nawa suka kwana a bakin aiki daren jiya, da tsofaffi nawa. Ki nemi ganin lasisin ma'aikaciyar jinya daga hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Ki tambayi yaushe aka biya su albashi, domin mace ɗaya da ta yi wata uku ba a biya ta ba, aka bar mata tsofaffi ashirin da dare, ba za ta iya juya kowa ba ko da tana da imani. Ina tausaya wa waɗannan mata ƙwarai, kuma ina roƙon ki sa halinsu a rahotonki. Amurka ma ta koyi wannan darasin. A 2008 ta fara ba gidajen jinya tauraro 1 zuwa 5 bisa binciken jami'ai da yawan ma'aikata da halin majinyata, amma da yake gidajen ne ke faɗin yawan ma'aikatansu da bakinsu, a 2018 aka koma lissafawa daga takardun albashi.

Ki yi hattara da littafin rubuta abubuwan da suka faru a gidan idan ya cika tsabta. Gidan da ya ce shekara guda ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi gyambo, galibi ba a rubutawa ne. Wanda ya rubuta cewa Baba ya zame a makewayi ranar kaza, an kai shi asibiti, an kafa ƙarfen dafawa, shi na fi yarda da shi. In aka hukunta mai rubuta gaskiya, watan gobe kowa zai kawo miki farar takarda.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a binciken da aka yi a gidajen jinya, kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa cewa sun muzguna wa tsoho a cikin shekarar da ta gabata. Saboda haka ki keɓe da tsofaffin ba ma'aikaci a kusa. Ki duba wuyan hannu da ƙafa ko akwai shatin ɗauri. Ki lura da wanda ke barci tsakar rana ba ya farkawa, ki nemi ganin maganin da ake ba shi, don akan ɗura wa mai rikicin tsufa maganin barci a huta. Ki tambayi tsohuwa wa ke yi mata wanka, mace ce, ana sakaya labule? Ana kawo mata ruwan alwala, ana juya ta ta fuskanci gabas? Da wane suna ake kiran ta? Wadda ta baro Zurmi ko Maradun ba ta da kowa, waɗannan ne suka rage mata.

Game da madogara, akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa ta 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ki ambace su idan za ki nemi ma'aikatarku ta faɗaɗa takardar.

Ki je ba sanarwa, gara da sassafe bayan asuba, lokacin da zarni zai gaya miki yadda dare ya kasance. Ki yi wa kowane gida tambayoyi iri ɗaya, ki koma bayan wata guda da sikelin nan dai. In kuwa kika tarar da gyambo mai zurfi yana wari, ko tsoho da zazzaɓi ya rikice, kada ki jira rahoto. A ranar a kai shi Asibitin Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.