Kwamfutar ofis ba ta da intanet, yaya zan sa mata ImportExcel?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofis a Sabon Gari, nan Damagaram. Kwamfutar da muke lissafin albashi an hana a haɗa ta da intanet, ni kuma ina buƙatar ImportExcel, wani module (ƙarin manhaja) mai sarrafa fayilolin Excel a PowerShell, wurin buga umarni na Windows, don rahoton ƙarshen wata. Install-Module, umarnin da ake girka shi da shi, ya ƙi ci. Wani mai gyara ya ce zai kawo mini a filash, in kashe antibirus kawai, wai tunda babu intanet babu abin tsoro. Hankalina bai kwanta ba. In albashin mutane ya lalace, ni za a kama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aikin kansa ba wuya. Nemi kwamfutar da ka yarda da ita mai intanet, ka buga Save-Module -Name ImportExcel -Path E:\Modules. Zai sauko da shi daga PowerShell Gallery, rumbun module na intanet, har da duk abin da ya dogara a kai. In ya yi gardama, duba TLS 1.2, ƙa'idar tsaron haɗin intanet, tun 2020 Gallery ba ya karɓar ƙasa da haka. Ka kwafe foldar ImportExcel ɗungurungum, da lambar sigarta a ciki, ka kai ta da filash zuwa kwamfutar ofis, cikin C:\Program Files\WindowsPowerShell\Modules. Wannan na PowerShell 5.1 ne, na 7 yana C:\Program Files\PowerShell\Modules. Get-Module -ListAvailable zai nuna maka ya zauna.

Sai mai gyaran naka. Wallahi na gaji da jin wannan magana, kullum sai wani ya zo mini da ita. Wa ya ce ta intanet kaɗai cuta ke shiga? Stuxnet, ƙwaron kwamfuta da aka gano a 2010, wanda ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, ta filash yake yaɗuwa, an ƙera shi ne takanas don ya kai ga na'urorin da ba su da intanet. Kwamfutarka ma ta fi rauni, domin wata da watanni ba ta samu sabuntawar Windows ba, antibirus ɗinta bai san sababbin cututtuka ba. Shi kuwa filash ɗin mai gyara, da safe yana wajen masu tura waƙoƙi a Kasuwar Dole, da rana yana shagon buga takardu, da yamma yana jikin kwamfutar albashinku. Kuma module umarni ne da zai gudu da ikonka. In kai administireta ne, komai na cikin na'urar ya shiga hannunsa.

Kada ka ce RemoteSigned, tsarin PowerShell da ke hana gudanar da fayil ɗin da aka sauko daga intanet in ba shi da sa hannu, zai tsare ka. Alamar da Windows ke maƙala wa fayil ɗin da aka sauko da shi, Zone.Identifier, tsarin ajiyar fayil na Windows, NTFS, ke riƙe ta. Da zarar fayil ya bi ta filash mai tsarin ajiya na FAT32, alamar ta faɗi, PowerShell ya ɗauke shi ɗan gida.

Sayi sabon filash, wannan aiki kaɗai zai yi. Ɗauki Get-FileHash na fayilolin, wato lambar da ke canzawa in an taɓa fayil, a kwamfutar farko, ka gwada da na ta biyun. Antibirus ya zauna a kunne, kuma ka karɓi izinin shugabanka a rubuce kafin ka soka komai.