Kawu Ya Bar Mini Sandar Fatsa: Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu bana. Ya daɗe yana yi wa baƙi masu fatsar nishaɗi jagora a kogin Faro, nan arewacin Kamaru, kuma har yau baƙinsa na aiko mana da gaisuwar ta'aziyya. Ni na gaji sandunansa da na'urorin naɗe zare. Ina son in riƙe sana'arsa. Yaya zan adana kayan, kuma yaya ake sakin giwan ruwa bayan an kama shi ba tare da ya mutu ba? Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Kayan ba su da wuya. Sassauta birkin kowace na'ura kafin ka ajiye ta, domin idan ya daɗe a ɗaure fayafayan cikinsa na manne wa juna, ranar da babban kifi ya fizga sai zare ya tsinke. Wanke yashi, ka shanya a inuwa, ka ɗiga mai kaɗan. Tsohon zaren roba kuwa zubar da shi, rana ta riga ta cinye ƙarfinsa. Kada ka jingina sanda a lungu, lanƙwashewa take yi. Kwantar da ita ko ka rataye ta.

Sakin kifi shi ne inda ake gane jagora na gaske. Tun kafin a jefa fatsa, sa filaya ka matse ƙayar ƙugiya ta kwanta, don ta fita ba tare da ta yage baki ba. Kada ka bar baƙo ya yi ta wasa da kifi har ya galabaita, wanda aka gajiyar da shi sosai yakan mutu bayan an sake shi. Idan ya iso bakin gaɓa, ka jiƙa hannunka, saboda busasshen hannu na goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Hannu ɗaya a leɓen ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Giwan ruwa na iya haura kilo 100, don haka rataye shi ta baki don ɗaukar hoto na lalata masa muƙamuƙi da kayan ciki. A ɗauki hoton yana kwance a ruwa, in an ɗaga shi kada ya wuce sakan 10. Ka kula da murfin kunnensa, akwai ƙaya mai yanka kamar aska. In ƙugiya ta shige can maƙogwaro, yanke zaren kusa da baki, kada ka tona. Daga nan ka fuskantar da kansa inda ruwa ke gangarowa, ka riƙe shi har sai ka ji wutsiya ta buga da ƙarfi, sannan ka saki.

Kifin tsage kuma haƙoransa na datse zare nan take, sai an sa guntuwar waya kafin ƙugiya, kuma yatsa ba ya kusantar bakinsa.

Amma mu a ganinmu, babban gadon kawu ba ya cikin jaka. Ana neman giwan ruwa a Faro da rani, galibi bayan faɗuwar rana, a wurare masu zurfi inda dorina da kada suke. Shi ya san wane dutse ake tsayawa a kai, wace hanya dorina ke bi in ta fito kiwo da dare. Ka nemi waɗanda suka yi aiki da shi, ka bi su kakar fatsa ɗaya ko biyu da littafi a aljihu, kana rubuta wuri, lokaci da yanayin ruwa. Kafin nan, kada ka kai baƙo bakin ruwa da dare kai kaɗai.