Rajista ba za ta faɗa miki gaskiya ita kaɗai ba

Ƙanwata, da na ga tambayarki, wai ko daga rajistar asibiti za ki iya ƙirga waɗanda huhunsu ya sace bayan an yi musu aiki, sai da gabana ya faɗi. Abin nan ya taɓa ci na a Garwa.

Wata baiwar Allah ce aka kawo da ruwa a ƙirji. Da yamma likita ya soka allura ya zuƙe, ya tafi gida. Ni ke gadin dare. Wajen ƙarfe biyu numfashi ya gagare ta, tana riƙe rigata, mijinta na ta salati. Na kira likitan sau huɗu, bai ɗaga ba. Da safe hoto ya nuna iska ta cika gefen da aka soka, aka sa mata tiyo. Ta tashi, alhamdulillahi. Amma kin san abin da ya rubuta? Wai da sacewar huhun ta zo. Ni kuma majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta tsayar da ni gaban ɗalibai, wai ban lura da mara lafiya ba. Har yau in na gan shi a kasuwa sai in sauya layi, Allah ya yafe mini.

To ki duba lokaci, kada ki tsaya kan sunan ciwo. Lambar J93, wato ta sacewar huhu a kundin lambobin cututtuka na CIM-10, in an rubuta ta a rajista ba ta gaya miki ko da ciwon mutum ya zo, ko hannunmu ne. Ki ɗauko littafin ɗakin hoto da na ɗakin aiki ki jera su: wa aka zuƙe wa ruwa, wa aka sa wa layin jijiya ƙarƙashin ƙashin wuya, sannan wa aka sa wa tiyon ƙirji bayan haka. 'Yan hatsarin babur ki ware su gefe.

A Amurka suna da ma'aunin ƙirga huhun da ya sace a hannun ma'aikatan asibiti, PSI 06, amma su suna alamta ciwon da mutum ya shigo da shi, kuma masu ruwa a ƙirji ma cire su suke yi. Da a can ne, matar nan ba za ta shiga lissafi ba. Mu nan karne, wato littafin asibiti, ma gida mara lafiya ke tafiya da shi.

Kuma don Allah, in kina gadi, rubuta awa da minti na duk kiran da kika yi wa likita. Ni ban rubuta ba.