Tambayoyinku kan Fasaha: Hedifon na Gwanjon Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo a unguwar Bukoki nan Yamai, ina naɗar wa'azi da tallace-tallacen rediyo. Na ga hedifon Sony MDR-R10 a gwanjon eBay, tayin ya tsaya a Yuro 900, saura kwana biyu a rufe. Na rubuta wa mai shi, ya ce in na aika masa Yuro 1,000 ta Western Union zai janye shi daga gwanjon ya aiko mini kai tsaye. Kowa na cewa ba a taɓa yin hedifon mai daɗin sauti irinsa ba. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka tura, ɗan'uwa, ko dala ɗaya.

Sony ta fito da R10 a 1989, kuma abin da ta ƙera duka-duka wajen 2,000 ne. Ƙoƙon kunnensa na itacen zelkova ne, tantanin da ke kaɗawa a cikin lasifikarsa kuma an yi shi da wani zare da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. Masu tara irin waɗannan kaya a Japan da Amurka da Jamus da Sin idonsu na kan kowane guda da ya fito kasuwa, kuma mai lafiya a cikinsu dubban dalolin Amurka ake sayensa. Yuro 900 ɗin da ka gani ba farashinsa ba ne. A gwanjon eBay masu niyyar saye da gaske ba sa nuna kansu da wuri, sai a daƙiƙoƙin ƙarshe suke jefa tayinsu. Duk wanda ya mallaki R10 na gaske ya san haka. To me zai sa ya sallama maka a Yuro 1,000, alhali haƙurin kwana biyu zai kawo masa ninkin-ba-ninkin? Ko dai babu hedifon a hannunsa, ko kuma akwai shi amma ya san ya mutu.

Sannan hanyar biyan da ya zaɓa ita ma ta tona masa asiri. Kuɗin Western Union da zarar an karɓa a ɗaya ɓangaren sun tafi ke nan, shi ya sa kamfanin da kansa ke gargaɗin kada a aika wa wanda ba a sani ba don sayen kaya a intanet. Garantin da eBay ke bai wa mai saye, na mayar da kuɗi idan kaya bai iso ba ko ya saɓa wa abin da aka bayyana, yana aiki ne kawai idan an biya a cikin shafin. Ciniki a bayan fage ma karya dokar shafin ne. Kada kuma kyawun asusun mutumin ya ruɗe ka, domin ƴan damfara kan sace tsohon asusu mai ɗaruruwan shaidun yabo su yi aiki da shi. Buɗe shaidun ka karanta abin da aka yaba masa a kai. Idan shekara da shekaru kayan jarirai ko kayan gyaran mota yake sayarwa, sai yau kwatsam ga shi da hedifon na miliyoyi, ka san inda aka dosa. Ɗauki hotunan da ya sa ka bincika su da Google Lens, sau da yawa za ka tarar daga wani tsohon talla aka kwaso su. In kana son ka gwada kowane mai sayarwa, ka zaɓi kalma ɗaya, ko da "Bukoki" ce, ka ce ya rubuta ta da hannu a takarda tare da kwanan watan ranar, ya ajiye kusa da lambar da ke jikin hedifon ya ɗauka maka hoto. Mai kaya a hannu minti biyar ya ishe shi. Wanda ba shi da komai sai ya fara kawo uzuri: yana tafiya, an riga an naɗe kayan, kyamararsa ta lalace.

Yanzu mu ɗauka mutumin kirki ne, kayan kuma na gaske ne, ka ci gwanjon ta hanyar da ta dace. Har yanzu cinikin biri a sama ne. Hedifon ɗin ya haura shekara 30 a duniya, Sony kuma ta daɗe da daina ƙera lasifikarsa. Ranar da kunne ɗaya ya yi shiru babu mai gyara a kasuwar Katako da zai tashe shi, ba don rashin gwaninta ba, sai don kayan gyaran babu su a ko'ina in ba an yanka wani R10 ɗin an cire ba. Hoto ba ya nuna ko an taɓa canza lasifikar ciki da ta wani hedifon mai araha, ba ya nuna ko kunnen hagu ya fi na dama ƙarfi. Idan mai sayarwa ya rubuta "yana aiki", galibi abin da yake nufi shi ne ya jona ya ji ƙara ta fito.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu da ke Nijar musamman, wanda masu ba da shawara a Turai ba sa kawowa a lissafi. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa nan, don haka mutanenmu kan ba da adireshin ɗan'uwa a Faransa ko na kamfanin da ke tura kaya gaba. A ƙa'idar eBay, kayan da aka sake turawa wani wuri bayan an kai su adireshin farko sun fita daga garanti. Kwana 30 na kai ƙorafi kuma daga ranar da aka miƙa kwalin a Liyon ko Paris suke fara ƙirguwa, ba daga ranar da ya shigo hannunka ba. Kwalin na ajiye a ƙarƙashin gadon ɗan'uwanka yana jiran matafiyi, wa'adinka na cinyewa.

Ga kuɗi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato Yuro 1,000 ya kusa jika 656. TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, ta kashi 19 cikin ɗari ita kaɗai ta wuce jika 124 a kan wannan, kuma ana lissafa ta ne bayan an haɗa kuɗin jigila da harajin duwan, ga ladan da banki ke cira a katinka. Wasu kan roƙi mai sayarwa ya rubuta ƙaramin farashi a takardar kwalin don a rage duwan. Ban da cewa laifi ne, idan kwalin ya ɓace ko ya fashe, inshora abin da aka rubuta za ta biya.

Ra'ayina dai, aikinka ba ya buƙatar R10. Kaso mai yawa na kuɗinsa na ƙarancinsa ne da sunansa, ba na sauti ba. Mai naɗar murya abin da yake so shi ne hedifon da zai nuna masa kurakurai, ya jure zufa da faɗuwa, in soson kunnensa ya ruɓe a samu wani. Sony MDR-7506 tun 1991 yake cikin situdiyoyin rediyo na duniya kuma har gobe ana ƙera shi. Akwai Beyerdynamic DT 770 Pro, akwai Audio-Technica ATH-M50x. Don sauraro da tace sauti akwai Sennheiser HD 600 na 1997, wanda wayarsa da sosonsa da hannu ake cire su a sa sabbi, sai dai bayansa a buɗe yake, sauti na fita, kada ka sa shi gaban makirfo. Su ma akwai jabunsu, musamman 7506 da M50x, don haka a saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi. Canjin da ya rage ka sa a makirfo da gyaran bangon ɗakin, can ne mai sauraron wa'azin zai ji bambanci.

Tambaya: Malam, daga Tawa nake. Na samu tsohon hedifon Stax da amfilifayarsa, wato na'urar da ke ƙara masa ƙarfin sauti, a gwanjon Yahoo na Japan da araha, ta hannun kamfanin da ke saya wa baƙi. An rubuta "junk" a jikin tallan. Ya kake gani?

Amsa: Wannan rubutun shi ne mai kayan ke faɗa maka cewa bai gwada ba ko ya san akwai matsala, kuma ba ya karɓar ƙorafi ko mayarwa. Kamfanonin da ke shiga tsakani, irin su Buyee da ZenMarket, aikinsu su taya maka, su karɓi kwali, su turo, su ɗauki la'adarsu. Ba za su zauna su saurari waƙa su gaya maka kunnen dama ya yi ƙasa ba.

Stax kuma ba irin hedifon da muka saba ba ne. Babu maganaɗisu a cikinsa. Wani siririn tantani ne da ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, a rataye tsakanin faranti biyu masu huji, ana cajinsa da wuta mai ƙarfi: bolt 230 a tsofaffin, 580 a waɗanda ake kira Pro. Filogin tsofaffin ƙafa shida ne, na Pro biyar, don haka ka ƙirga ƙafafun a hoto ka tabbatar sun dace da ramin amfilifayar. Ba ya shiga waya ko kwamfuta sam. Amfilifayar da aka yi don kasuwar Japan bolt 100 take sha, wutarmu kuwa 220 ce. Ka jona ta kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai saukar da wuta zuwa 100, kuma yawancin na kasuwanninmu 110 suke bayarwa, ka duba da kyau. Ka haɗa da sitabilaiza saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke.

Babban abokin gabarsa kuwa ƙura ce, kai kuma a Tawa kake. Tantani mai caji janyo ƙura yake yi. Akwai wata ƴar leda a ciki da ke kare shi, amma a tsohon hedifon takan yage, kuma hunturu ɗaya ya isa ƙura ta shiga ka fara jin tsiwa ko wani siririn fito a kunne ɗaya. In sha'awar koyon gyara ce ta kai ka, kuma kuɗin ba za su hana ka barci ba in sun salwanta, bismillah. In don jin daɗin sauraro ne, bar shi.

Tambaya: Na taya wani hedifon ban ci ba. Washegari imel ya zo cewa wanda ya ci ya fasa, in biya tayina na ƙarshe a ba ni.

Amsa: eBay na da irin wannan tsari na ba da dama ta biyu, amma na gaske za ka gan shi a akwatin saƙonninka cikin shafin bayan ka shiga da kanka. In a imel kawai yake, kada ka taɓa mahaɗar da ke ciki. Ko na gasken ne, duba tarihin tayin. Wasu masu sayarwa kan sa ɗan kore, ko asusunsu na biyu, ya yi ta tura farashi har ya gano iyakar abin da za ka iya biya, sannan a ce ya fasa a dawo maka da kayan a ƙololuwar tayinka. Maganinsa shi ne ka yanke iyakarka tun kafin gwanjo, da jigila da duwan a ciki, ka sa ta sau ɗaya dab da rufewa.

Tambaya: Malam, ni aikin gama ya gama. Maigidana ya riga ya saya, kwalin na hanyar Yamai. Me za mu duba in ya iso?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo shi lafiya. Kafin a sa wuƙa a jikin kwalin a kunna kyamarar waya, a nuna takardar adireshi da kusurwoyin kwalin, a buɗe ba tare da an tsayar da bidiyon ba har a nuna lambar jikin hedifon. Ita ce shaidarku in rigima ta taso. A gwada lambar da ta hotunan tallan.

Sai gwajin kunne. A sa muryar mutum ɗaya yana magana, kamar labaran rediyo, a rufe ido. Muryar ta kamata ta tsaya a tsakiyar kai daidai. In ta karkata hagu, a juya hedifon a sa shi baibai: in karkatar ta koma dama laifin hedifon ne ko na na'urar da aka jona shi, in ta tsaya inda take kunnen mai sauraro ne. Daga nan a sa sauti mai kauri, irin na ganga ko bas, a ƙara murya a hankali. Duk wani zzz ko kakkarwa alama ce ta gashi a kan tantani ko tantanin ya lotsa. A murɗa wayar a hankali wajen filogi da inda ta shiga ƙoƙon kunne, a ji ko sauti na yankewa.

In hedifon na yau da kullum ne mai filogi mai gaɓa uku, a kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mitarsa. Kan filogin na kunnen hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na haɗin duka biyun. Awon hagu da na dama su zo kusan ɗaya, kuma kusa da abin da kamfani ya rubuta: HD 600 da HD 800 om 300 ne (om shi ne ma'aunin da mitar ke nunawa). In mita ta nuna 32 a hedifon da ya kamata ya ba da 300, ba lasifikarsa ce a ciki ba. Irin masu om 300 ɗin nan waya ba ta iya tura su sosai, don haka in an ji sautin ya yi sanyi a Tecno ko Samsung ba lalacewa ba ce, ƙaramar amfilifaya yake so.

Duk wannan a yi shi ranar da kwalin ya iso, in an ga matsala a buɗe ƙorafi a cikin shafin a ranar, da hotuna da bidiyon. Idan mai sayarwa ya ce a dakata zai aiko wata waya ko zai mayar da wani abu daga baya, a buɗe ƙorafin tukuna sannan a ci gaba da magana da shi.