Amsa: Ina zan kai baƙi su ga kayan tarihi a Kaduna?

Malam, tunda yini ɗaya gare ku, ku fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. Akwai mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok, wata tsohuwar al'umma ta zamanin da, kuma masu sana'ar hannu suna aiki a harabar. In za ka sayi jakar fata, goga ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe. In rinin ya zuba, bar ta, haka za ta ɓata maka farar riga. Riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da tiransifa.

Daga nan sai Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna. Ku je ranar aiki da hantsi, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto.