Tambaya da Amsa: Sandunan alminiyam masu kwarmi ko aikin walda?

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a nan Kano, yayana kuma yana kula da layin haɗa kaya a wata masana'anta da ke Sharaɗa. An ba mu shawarar mu daina kai wa mai walda aikin tebura da firam, mu koma ga sandunan alminiyam da ake ɗaurewa da noti. Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Malam, abin ya danganta da yawan sauyin da za ku riƙa yi wa abin da kuka gina. Kowace sanda tana da kwarmi mai siffar harafin T a gefunanta huɗu, tun daga kai har gindi; ana zura noti a ciki, a ja shi zuwa inda ake so, a ɗaure da alanki, wato ɗan makullin nan mai ɓangare shida. Kaurinsu kan kasance milimita 20, 30, 40 ko 45. Kamfanin da ake kira item na garin Solingen a Jamus da kamfanin Bosch Rexroth suna cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera su.

Ga yayanka, amfanin a bayyane yake. Tsarin aiki ba ɓarna, wanda Taiichi Ohno ya gina a kamfanin Toyota na Japan, ya lissafa ɓarna iri bakwai, ciki har da jira da motsin da bai ƙara wa kaya komai ba. Ma'aikacin da yake sunkuyawa duk bayan minti ɗaya don ɗauko ƙusa daga kwandon da ke ƙasa yana zubar da lokaci, yana kuma wahalar da bayansa. In teburin na walda ne, sai an yanke, an sake ƙonawa, an yi fenti, shi ya sa ake haƙura da shi a haka shekara da shekaru. In na kwarmi ne, shi ma'aikacin da kansa zai kwance noti biyu, ya ɗaga kantar zuwa daidai gwiwar hannunsa kafin a tashi aiki, kuma a ganina wannan damar ita ce ainihin abin da ake saye.

Kai mai bincike, sai ka yi hattara da abu biyu. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, amma juriyarsa ga lanƙwasa ma kashi ɗaya cikin uku ce, kuma idan ka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu, lotsawar sandar a ƙarƙashin kaya iri ɗaya tana ninkuwa sau takwas. Sannan zafi yana miƙar da shi kusan ninki biyu na ƙarfe: sanda mai mita 2 za ta ƙaru da kimanin milimita 0.7 idan zafin ɗaki ya hau da digiri 15, abin da ba baƙo ba ne a Kano tsakanin asuba da azahar in babu na'urar sanyaya ɗaki. Ga kejin kariya ko mazaunin kyamara wannan ba komai ba ne, amma ga awo mai tsananin ƙa'ida yana iya lalata maka sakamakon wata guda. Haka kuma rufin da ake yi wa fatar sandar ba ya wuce da lantarki, don haka a haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai lantarkin da ya ɓalle cikin ƙasa, da gangan, kada a dogara da notin. Ƙurar hunturu kuwa tana cika kwarmin, sai a sayi murfinsa na roba tun farko.

Kada a ruɗe ku da alminiyam ɗin taga da aka saba gani a kasuwa, domin bangonsa siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Ku tsaya kan kauri ɗaya da faɗin kwarmi ɗaya, saboda notin wani kamfani ba lallai ya shiga sandar wani ba. Gindin injin mai nauyi da girgiza, wanda ba za a taɓa gusar da shi ba, ku bar wa mai waldar ku, ya fi arha kuma ya fi ƙarko. Ku fara da tebur guda a wurin da aka fi yawan sauye-sauye, ku riƙa rubuta sau nawa aka kwance shi cikin wata shida kafin ku yi odar sauran.